Ford Bronco: Matakin Da Ya Cancanci Kuɗinsa Da Ƙarin Da Ba Dole Ba

Duk wanda ya zauna da takardar odar Bronco a gabansa, abin da zai fara ruɗa shi sunaye ne. Tun da motar ta dawo kasuwar Amurka a 2021 aka jera Base, Big Bend, Black Diamond, Outer Banks, Badlands da Wildtrak, a 2022 kuma Everglades da Raptor suka biyo baya. Kamfanin yana sauya jerin daga shekara zuwa shekara, wani sunan ya ɓace, wani ya dawo, shi ya sa na tsaya kan tsarin 2021 zuwa 2023. Motar da wannan sharhi ya dogara a kanta Badlands ce mai ƙofa huɗu, injin mai lita 2.7, giya otomatik, da ƙunshin Sasquatch, wato ƙarin kayan daji, su manyan tayoyi da makullan aksul, da ake saye a haɗe daga masana'anta. Hukuncina a kanta shi ne mota ce ta gaske a daji, amma an tara mata kaya fiye da abin da akasarin masu saye za su taɓa amfani da shi, kuma wani ɓangaren ƙunshin tun asali tana da shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne karanta jerin kamar tsani, a ɗauka duk wanda ya fi tsada ya fi iya daji. Outer Banks ta fi Black Diamond tsada, amma motar kwalta ce da aka yi wa kwalliya: wili mai inci 18, marfin taya mai fentin bodi da reshe ɗaya zai karce, da matakalar ƙarfe a gefe wadda take rage tazarar da ke tsakanin mota da ƙasa. Black Diamond kuwa ta zo da makullin aksul na baya, bamba ta ƙarfe, farantan kariya a ƙarƙashi, da ƙarafan gefe masu karɓar dutse kafin ya kai ga ƙofa. A taɓo ko kwazazzabo, Outer Banks da ba a ƙara mata komai ba za ta kafe a inda Black Diamond ke wucewa.

Saboda haka a fara daga ƙarƙashin mota. Abin da ke da wuyar sakawa bayan an saya, shi ake saye daga masana'anta, kuma a nan abubuwa uku ne: makullan aksul, lissafin haƙoran giyar aksul, da akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya.

Makullin aksul shi ne gaba da komai. Aksul na yau da kullum yana tura juyi zuwa tayar da ta fi sauƙin juyawa, don haka idan taya ɗaya ta ɗaga sama ko ta faɗa santsi, ita ce za ta yi ta wulwulawa, 'yar'uwarta da ke kan ƙasa mai ƙarfi tana tsaye. Makulli yana ɗaure su biyun su juya tare. Maɓallansa suna saman dashbod, a jere, an lulluɓe su da roba, hannu mai taɓo ma yana iya danna su. Na baya shi ne mai yin yawancin aikin. Na gaba sai an shiga 4L, wato ƙaramar giyar da tayoyi huɗu ke ja a hankali, yake kamawa, kuma da ya kama sitiyari yakan yi nauyi, motar ta ƙi kwana, ta nemi tafiya miƙe. Ana danna shi ne a gindin hawa, a sake shi da zarar an haye. Wanda ya bar shi a kulle, ya murɗe sitiyari har ƙarshe ya taka totur a kan dutse, yana neman karya sandar da ke juya tayar gaba ko lanƙwasa sandar sitiyari, a kowace irin mota ce kuwa.

Sai maganar taya da giya, waɗanda ba a raba su. Tayar Sasquatch da ake kira inci 35 lambarta 315/70R17, idan aka lissafa tsayinta inci 34.4 ne. Ta Badlands ta asali, 285/70R17, inci 32.7 ce, ta Big Bend kuma, 255/75R17, wajen 32. Rabin bambancin tsayin taya shi ne kawai yake ɗaga aksul daga ƙasa. Wato daga tayar Badlands zuwa ta Sasquatch, abin da tayar ta ƙara bai cika inci ɗaya ba, santimita biyu da 'yan kai ne. A kan dutse wannan yana da amfani, sau da yawa shi ne bambancin gogar ƙasa da wucewa salin-alin. Amma ba shi ne abin da ido ke raya wa mutum ba idan ya ga motar a tsaye.

Abin da ya sa Sasquatch ya fi sayen manyan tayoyi daga baya shi ne giyar aksul mai lissafin 4.7, wato sandar da ke kawo juyi ta juya sau 4.7 kafin taya ta juya sau ɗaya. Big Bend mai otomatik takan zo da 3.73. Idan aka ɗora mata tayar inci 34.4 ba tare da an sauya haƙoran ba, kowane juyin taya ya ƙara tsawo da kusan kashi bakwai cikin ɗari. Motar za ta yi nauyin tashi, giyabos ya dinga sauka yana hawa a kan tudu yana neman inda zai zauna, man giya ya ƙara zafi, agogon gudu kuma ya nuna 100 alhali ana kan 107. Gyaran wannan yana nufin buɗe aksul biyu, gaba da baya, a sa sababbin haƙora, a daidaita su da ma'auni. Idan bakanike ya kuskure saitin da kaurin takarda, aksul zai fara kuka, haƙoran su cinye juna. Ga kuma batun garanti da zai shiga ciki. Ƙunshin Sasquatch ya zo da duk wannan a haɗe: tayoyin, wili mai inci 17, makulli gaba da baya, giya 4.7, shoka ta Bilstein, faffaɗan marfin taya, da akwatin raba ƙarfi mai 4A, wato saitin da ke tura ƙarfi ga tayoyin gaba da kansa idan buƙata ta taso. Ga wanda ya tabbata manyan tayoyi yake so, a nan kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Inda ba ta biya ba shi ne a kan Badlands. Badlands tun asali tana da makulli gaba da baya, da Bilstein, da akwatin mai 4A. Ƙara mata Sasquatch tamkar sayen taya da giya ne, don yawancin sauran kana da su. Kuma manyan tayoyin suna da nasu haraji da ake biya kullum: ƙarin shan mai, gurnani a kan kwalta wanda ke ƙaruwa yayin da tayar ke cinyewa, birki mai ɗan ƙarin nisa, da tsakuwa da ramukan tayar ke tsinta su yi ta jifan gefen bodi da ita. Safayar da ke rataye a ƙofar baya ma nauyi ce da mutum ɗaya zai sha wuya kafin ya sauke ya mayar. Da a ce yau za a sake cike takardar, Badlands da tayarta ta asali zan zaɓa.

Abin da ya sa Badlands ta cancanci sunanta kuwa sandar sitabilaiza ce ta gaba da ake iya cirewa da maɓalli. A kan titi wannan sandar ce ke hana mota kwantawa gefe a kwana. A kan duwatsu kuma ita ce ke hana taya sauka ta taɓa ƙasa. Da an danna maɓallin, ko da motar tana karkace taya ɗaya a sama, za ka ji gaban ya saki, ya sauka a hankali, kanka ya daina bugun gefe da gefe. A kan gargada ma, a ƙaramin gudu, jijjigar tana raguwa sosai. Idan gudu ya ƙaru sandar tana komawa da kanta. Sasquatch bai ƙunshi wannan ba, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa: Big Bend mai Sasquatch ba Badlands ba ce. Mai bin taɓo da rairayi ba zai rasa komai ba, don can taya da makulli ne ke aiki. Mai hawan dutse zai ji rashinta a kowane mataki.

Akwatin raba ƙarfi iri biyu ne. Na farko yana da 2H (tayoyin baya kaɗai ke ja), 4H (duka huɗun ke ja) da 4L, ƙaramar giyarsa 2.72. Na biyu ya ƙara 4A, ƙaramar giyarsa 3.06. Amfanin 4A yana kan hanyar da ke sauya hali, nan kwalta busasshiya, can ruwa ko ƙanƙara. 4H ba a tafiya da shi a busasshiyar kwalta, domin gaba da baya a ɗaure suke, a kwana sai su yi ta ja-in-ja, tayoyi su yi ƙara, ƙarafa su ɗauki wahala. Masu son giyar hannu su lura: mai hawa bakwai ce, ɗaya daga ciki ta rarrafe mai lissafin 6.588, kuma da injin 2.3 kaɗai take zuwa. Idan aka ninka 6.588 da 3.06 da 4.7 za a samu kusan 94.7, wato motar tana iya rarrafe kan dutse ƙafa ba ta kan kulochi. Otomatik mai hawa goma tana tsayawa wajen 67.8, amma ita ce ke da Trail Turn Assist, wanda ke kama birkin tayar baya ta ciki motar ta juya a ƙuntataccen wuri. A kan ƙasa mai laushi kawai ake amfani da shi.

Inji ba abin dogon tunani ba ne. Na 2.3 mai silinda huɗu yana ba da ƙarfin doki 300 da mai mai inganci, na 2.7 V6 yana ba da 330. Bambancin da ake ji a ƙafa ƙarfin ja ne, 325 da 415 a ma'aunin fam-ƙafa. A 4L duka biyun sun wadatar. V6 tana nuna kanta ne a wuce babbar mota a kan tudu da kaya cike.

Ƙunshin cikin ɗaki uku ne, Mid, High da Lux, kowanne yana ɗauke da na ƙasansa. Mid shi ne na hankali: kujerun gaba masu ɗumama, na'urar sanyi mai ɓangare biyu, da gargaɗin motar da ke gefen da madubi bai nuna ba. A High abu ɗaya ne ya shafi daji, kyamara mai nuna kewayen mota. Hancin Bronco faffaɗa ne kuma a miƙe, idan aka kai ƙolin tudu sama kawai ake gani, to a nan kyamarar gaba ke nuna ko hanya ta ci gaba ko ta yanke. Sai dai taɓo ɗaya ya rufe ta. Lux kuwa, lasifikan B&O, sitiyari mai ɗumi, da na'urar riƙe tazara da motar gaba, jin daɗi ne na doguwar tafiya. A motar da rufinta ke cirewa, iska na kaɗawa, tayoyi na gurnani, tsadar lasifika ba ta fitowa yadda ya kamata. Akwai kuma tarko a tsarin: Black Diamond ba ta wuce Mid, don haka mai son kyamarar dole ya haura mataki. Son a ce ful ofshin ce yana sa mutum biyan abubuwa goma saboda guda ɗaya.

Wasu ƙananan zaɓuɓɓuka sun fi waɗancan daraja. Maɓallai shida na saman gilashi, waɗanda aka riga aka ja musu waya da fis, suna hana a yanka wayoyin mota ranar da za a sa fitilu ko famfon iska. Daɓen roba mai ramukan zubar da ruwa da kujerun leda irin na jirgin ruwa sun fi dacewa da wannan mota: a zare toshiyar, a wanke, a bar ƙofa a buɗe ta bushe. A duba takardar da kyau, zaɓen kujerar fata yakan zo da kafet, daɓen robar ya tafi. Wanda ke da niyyar sa winci, na'urar janyo mota da igiya idan ta kafe, ya tambaya tun farko inda zai zauna, don yana iya tare kyamarar gaba da idon na'urar tazara, a wayi gari an biya kuɗin Lux an kuma rufe masa ido.

Wilin Sasquatch ana cewa yana karɓar zoben da ke damƙe bakin taya, amma zoben aikin daban ake sayensa, na daji ne kawai, wanda ke jiki ado ne. Ba tare da shi ba, rage iska zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin psi ya isa ga yawancin hanyoyi. Idan aka sauka ƙasa da 15 aka yi kwana da ƙarfi, bakin taya yana iya zamewa daga wili.

Kafin sa hannu, a buɗe ƙofar direba ta wata mota mai irin haɗin da ake so, a karanta takardar da ke liƙe a jikin ginshiƙi mai nuna nauyin mutane da kaya da za ta iya ɗauka. Kowane ƙari, V6, rufi mai tauri, bamba ta ƙarfe, manyan tayoyi, daga wannan adadin ake cire shi. Manya huɗu, akwatin sanyi, ruwa, jarkar mai da tanti a kan rufi suna cinye shi da wuri, kuma nauyin da tirela ke dannawa a kan ƙugiya shi ma a ciki yake. Idan lissafin bai fita ba, abin da za a fara sokewa shi ne kayan da ke hawa saman rufi, don su ne ke ƙara wa motar tangaɗi a hanya mai karkata.