Kiɗan rok na Kanada na wajajen 2000: CD, faifan garmaho ko manhaja, ina ya kamata ka sa kuɗinka?

Duk wanda ya zauna a Kanada tsakanin 1997 da 2003, ɗalibi ne ko ɗan ci-rani, ya sha kiɗan rok na ƙasar ko bai nema ba. Doka ce ta kawo shi kunnensa. Tun 1971 hukumar CRTC mai kula da kafofin watsa labarai ta wajabta wa gidajen rediyo, na zangon AM da farko, su ware kashi 30 cikin 100 na waƙoƙin da suke sakawa ga 'yan ƙasa. A farkon 1999 aka ɗaga kason zuwa 35. Tashar talabijin ta MuchMusic kuma, wadda aka buɗe a 1984, tana ta jera bidiyon makaɗan dare da rana. A motar haya ka ji su, a kanti ka ji su, a ɗakin kwanan ɗalibai ka ji su ta bango. Haka suka shiga raina lokacin da nake karatu a Ontario, har yau kuma ba su fita ba.

Cikin 'yan shekarun nan abokan zama na wancan lokaci sun sha tambayata abin da ya kamata su saya, don kewa ta fara motsa su. Amsata a taƙaice ita ce faifan CD na gwanjo, bugun Kanada. Amma akwai dalilai, akwai kuma inda wannan amsa ba ta isa ba.

Abin da ya sa CD ya fi shi ne wannan kiɗa don CD aka yi shi. Makaɗan sun tsara kundayensu ne da sanin cewa suna da fiye da awa guda a fuska ɗaya, ba tare da an tashi an juya faifai ba. Sannan an buga su da yawan gaske. Kundin Clumsy na ƙungiyar Our Lady Peace, wanda ya fito a 1997, ya kai matsayin da suke kira lu'ulu'u, wato kwafi miliyan ɗaya, a ƙasar da mutanenta kimanin miliyan 30 ne a lokacin. Waɗannan kwafi ba su ɓace ba. Suna nan jibge a shagunan gwanjo irin su Value Village, da shagunan tsoffin faifai irin su Sonic Boom da BMV a Toronto, galibi a farashin da bai kai na kwanon abinci ba. Sam the Record Man na titin Yonge, inda muke zuwa mu yi ta jujjuya faifai a ranar Asabar, ya rufe tun 2007, HMV ma ta kwashe kayanta daga Kanada a 2017, amma abin da suka sayar yana nan yana yawo daga hannu zuwa hannu.

Sai dai a kula da bugu. Nan ne mai saye ta intanet yake yin asara bai sani ba. Kamfanonin Amurka sun saba taɓa kundayen 'yan Kanada kafin su sake su a kasuwarsu. Misali mafi zafi shi ne Beautiful Midnight na Matthew Good Band, 'yan yankin Vancouver, wanda ya fito a 1999 ya kuma ci Juno, babbar kyautar kiɗa ta Kanada, a rukunin kundin rok a shekarar 2000. An jera waƙoƙinsa ne kamar sa'o'in dare guda, daga yamma har fitowar rana. Da kamfanin Atlantic ya fitar da shi a Amurka a 2001, sai aka cire wasu waƙoƙin aka cusa waɗansu daga Underdogs na 1997. Suna ɗaya ne, abin da ke ciki daban. In ka sayi na Amurka, daren da kake nema ba shi za ka samu ba. Kafin ka biya, ka duba ƙasar bugu da shekara a Discogs, shafin intanet na bayanan faifai da cinikinsu, ka gwada jerin waƙoƙin da na bugun farko. Wata alama kuma da ke taimakawa in faifan yana hannunka: ɗan da'ira da aka raba huɗu, ɗauke da haruffan M, A, P da L, a jikin faifan ko bayan kwali. Da ita gidajen rediyo suke gane waƙar da ta cika sharuɗɗan zama ta 'yar ƙasa, don haka a kayan da aka yi domin kasuwar Kanada aka fi ganinta.

Game da lafiyar faifan, masu sayarwa a Discogs suna ba shi daraja. Kada ka sauka ƙasa da VG+, wato darajar faifan da aka yi amfani da shi amma yana da kyau sosai, in ba za ka gan shi da idonka ba. Ƙarzuwar da ta bi zagayen faifan ta fi wadda ta ratsa daga tsakiya zuwa baki illa, don ita ce ke sa waƙa ta riƙa tsalle. Ka tambaya ko ɗan littafin ciki yana nan. Rabin kewar a cikinsa take.

Faifan garmaho fa? Na san shi ne yayi yanzu, kuma ba na raina wanda ke son riƙe babban kwali a hannunsa. Amma a faɗi gaskiya, a 1999 kusan ba wanda yake sauraron waɗannan makaɗa a garmaho. Yawancin kundayen sai bayan shekaru da yawa aka buga su a wannan sigar. Fuskar faifan garmaho ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti ashirin da ɗoriya, don haka kundin da ya kai awa guda sai an raba shi faifai biyu, fuska huɗu. Kuɗi ya ninka, kai kuma kana tashi duk bayan waƙa uku. Sabon bugu ɗaya zai iya cinye kuɗin CD goma na gwanjo. Ba kuma kowane bugu ne ya fi CD daɗin sauti ba, tunda wani daga kwafin kwamfuta ɗaya aka yanko su duka. Inda na ga garmaho ya cancanci kuɗinsa shi ne bugun tunawa da aka yi da hannun makaɗan da kansu, aka haɗa da waƙoƙin da ba a taɓa saki ba da rikodin wasan dandali. The Tragically Hip sun yi wa Phantom Power irin wannan a 2023, da ya cika shekara 25. Sloan, 'yan Halifax, su ma sun yi wa tsoffin kundayensu akwatuna masu kyau, kuma tasu siga ta gajerun waƙoƙi irin na shekarun 1960 da 1970 ta dace da garmaho fiye da ta kowa a wannan zamani.

Ga mai zama nan gida akwai ƙarin matsala. Zafin Maris da Afrilu na Kano ko Maraɗi yana tanƙwara faifan garmaho in aka bar shi a mota ko kusa da taga, ƙurar hunturu kuma tana cika ramukan da allura ke bi. Injin da aka sayo a Kanada an yi shi ne don wuta mai ƙarfin 120, tamu kuwa 230 ce, sai da taransifoma. Wasu injinan ma daga bugun wutar suke ɗaukar saurin juyawarsu, 60 a can, 50 a nan, sai faifai ya riƙa jan jiki, murya ta yi kauri. CD ba ruwansa da wannan, kuma ba shi da shingen yanki irin na DVD. Ka kwafe shi sau ɗaya a kwamfuta cikin sigar FLAC, wadda ba ta rage ingancin sauti, ka ajiye asalin a inuwa.

Manhajojin sauraro, Spotify da ta shigo Najeriya a 2021 da Apple Music da YouTube, wurin ɗanɗano ne kafin saye. Ka yi wata guda a kansu ka tantance wanne kake kewa da gaske, wanne kuma sunansa kawai ka tuna. Illarsu ita ce ba ka mallaki komai ba, sau da yawa kuma ba a gaya maka wane bugu kake ji. Ga kuma ɗabi'ar cakuɗa waƙoƙi. Spiritual Machines na Our Lady Peace, na Disamban 2000, an gina shi ne a kan littafin Ray Kurzweil game da na'urori masu tunani, har da muryar marubucin yana karanta ɓangarori tsakanin waƙoƙi. In manhaja ta cakuɗa shi, ginin ya rushe.

Saura tambayar da ta fi wuya: kundi guda ko tarin zaɓaɓɓu? In abin da kake kewa shi ne rediyon lokacin, ba wata ƙungiya ta musamman ba, to nemi jerin Big Shiny Tunes da MuchMusic ta fara fitarwa a 1996. Na biyu, na 1997, ya wuce kwafi miliyan. Da ƙyar za ka shiga ɗakin ɗalibi a lokacin ba ka gan shi kusa da rediyo ba. Ka sani dai cewa gauraye ne, 'yan Kanada tare da 'yan Amurka da Ingila. Daga na biyu zuwa na shida su ne zuciyar zamanin, kuma da yake an buga su da yawa, su ne mafi araha a kwandon gwanjo.

Ga The Tragically Hip, 'yan Kingston da suka haɗu a 1984, tarin zaɓaɓɓu yana da hujja. Yer Favourites na 2005 faifai biyu ne, masoya ne suka zaɓi waƙoƙin ta hanyar ƙuri'a. Baƙo zai iya farawa da shi. Ni dai Phantom Power na 1998 nake miƙa wa mutum, sannan Music @ Work na 2000 in ya nemi ƙari. Mawaƙinsu Gord Downie yana rera sunayen ƙananan garuruwa irin su Bobcaygeon, da labaran wasan hoki da na mutanen da tarihi ya manta, yadda mawaƙin gargajiya ke ambaton gari da zuri'a har mai sauraro ya ji da shi ake. Shi ya sa da aka sanar yana fama da kansar ƙwaƙwalwa, wasansu na ƙarshe a Kingston ranar 20 ga Agusta 2016 ya zama taron ƙasa. Kafar watsa labarai ta ƙasa, CBC, ta watsa shi kai tsaye, kusan mutum miliyan 11 da dubu 700 suka kalla, Firayim Ministan lokacin Justin Trudeau yana cikin zauren. Downie ya rasu a Oktoban 2017. Tun daga nan kayansu suka ƙara daraja, amma CD ɗin yau da kullum bai yi tsada ba.

Ga Our Lady Peace kuwa ba na ba da shawarar A Decade na 2006 a matsayin sayen farko, don ƙungiya biyu ce a kwali ɗaya. Kundaye huɗu na farko, waɗanda Arnold Lanni ya tsara, suna da wannan siririyar muryar Raine Maida mai fita ta hanci, wadda ko ka so ta ko ka ƙi ta. Daga Gravity na 2002, bayan mai jita Mike Turner ya fita aka kuma ɗauko Bob Rock ya tsara, sai sautin ya yi santsi irin na rediyon Amurka. Mai kewar 1999 ya sayi Clumsy da Spiritual Machines ya huta.

Wanda kunnensa ya saba da kiɗan Larabawa ko na Indiya, kuma da yawanmu haka muka taso, ya fara da The Tea Party, 'yan Windsor su uku. Sun haɗa jita mai nauyi da udu da sitar da harmoniyam da gangunan hannu, har aka yi wa salon nasu laƙabi da sunan Maroko. The Edges of Twilight na 1995 shi ne inda kayan kiɗan gabas suka fi fitowa fili. Transmission na 1997 ya karkata ga sautin na'ura mai duhu, Triptych na 1999 ya fi taushi. Su kam tarinsu na 2000, Tangents, ya wakilce su da kyau, don haka wanda ke son faifai ɗaya tak ya ɗauke shi.

I Mother Earth na buƙatar lura da shekara. Edwin ne mai rerawa a Scenery and Fish na 1996, ya bar su a 1997, Brian Byrne ne a Blue Green Orange na 1999. Na ga wanda ya sayi na biyun yana neman muryar farko. Big Wreck kuwa, waɗanda Ian Thornley ya haɗa yana ɗalibi a makarantar kiɗa ta Berklee a Boston, In Loving Memory Of na 1997 ya wadatar ga mai son jin gwanintar jita. Moist da Treble Charger da Econoline Crush, ka saurare su a manhaja tukuna. Nickelback da Sum 41 na 2001 ba sa buƙatar a je Kanada nemansu, ko'ina akwai su.

Kawowa gida ita ce ta fi cin kuɗi. Aiko CD ɗaya ta gidan waya daga Kanada yakan ninka farashinsa sau da yawa, don haka ka tara oda wurin mai sayarwa guda, a kai gidan wani ɗan'uwa a Toronto ko Calgary ko Winnipeg, ya riƙo maka in zai zo hutu. Jakar jirgi kilo 23 ce, kuma ba kai kaɗai ka yi masa saƙo ba. Ka ce ya cire faifan da ɗan littafin da takardar baya, ya sa su a leda mai laushi, ya bar kwalin roba a can. Shi ne mai nauyin, shi ne kuma mai fashewa a hanya, ga shi ana samun irinsa a kasuwa nan gida.