Fayil da dataset a babbar kwamfutar IBM: ina suka rabu?

Ɗan'uwan da ya ce ya fara koyon z/OS, tsarin aikin manyan kwamfutocin IBM, ko'ina ya duba sai ya ga dataset, yana tambaya ko fayil ne kawai aka sauya wa suna: malam, kama da wane ba ta wane.

Fayil a Linux ko Windows jerin bayit ne zube. Tsarin aiki bai damu da abin da ke ciki ba, manhajar da ta buɗe shi ce za ta san inda layi ya ƙare. Dataset kuwa rikodi-rikodi ne, kuma kafin a ƙirƙire shi sai ka faɗi siffarsa: RECFM, wato tsawon rikodin tsayayye ne ko mai canzawa, LRECL tsawon kowane rikodi, BLKSIZE kuma girman dunƙulen da ake rubutawa a faifai. Za ka yi ta cin karo da LRECL=80. Gadon katin da ake hudawa ne mai gurbi 80, tun zamanin kwamfutar IBM System/360 ta 1964, har yau JCL, yaren da ake rubuta umarnin gudanar da aiki da shi a z/OS, bai rabu da shi ba.

Wajen suna ma sun bambanta. Fayil yana zaune cikin folda, folda cikin folda. Dataset ba shi da folda. Sunansa bai wuce harafi 44 ba, an yanka shi da ɗigo, kowane yanki bai fi 8 ba, katalog ne ke tuna faifan da yake. Abin da ya ɗan yi kama da folda shi ne PDS, dataset ɗin da aka kasa gida-gida, kowane gida ana ce masa mamba, amma hawa ɗaya ne tak.

Inda sabon shiga ke shan wuya shi ne wuri. Fayil yana ta girma har faifai ya cika. Shi dataset sai ka yanka masa fili tun farko, da tirak ko silinda, ma'aunan fili a kan faifai. A faifan IBM samfurin 3390 silinda ɗaya tirak 15 ce. Ya cinye rabonsa da ƙarin da ka ware masa, aikinka ya faɗi da lambar kuskure B37 ko 'yar'uwarta E37. A ganina wannan takura ce ke sa bankuna su san abin da aikin dare zai ci kafin ya fara.

Kada kuma ka rikice idan ka ga shirin da aka rubuta da yaren COBOL yana cewa fayil: sunan cikin gida ne, layin DD a JCL ke haɗa shi da dataset na gaske. Fayiloli irin na Unix ma akwai su a z/OS, cikin tsarin ajiyar fayil da ake kira zFS, shi kansa zFS ɗin kuma a cikin wani nau'in dataset da ake kira VSAM yake kwance.