Hip-hop ɗin Arewa da rap ɗin Nijar: da wanne za ka ci gaba?

Ɗan'uwa, ka ce ka daɗe kana jin su DJ AB da ClassiQ da Morell har ka kusa haddace su, kunnenka ya fara neman sabon abu, sai wani ya ba ka shawarar ka leƙa Nijar. Tambayarka ita ce ko rap ɗin can ya kamo ƙafar na nan, kuma da wa ya kamata ka fara.

Ka leƙa, ba za ka yi asarar data ba. Sai dai in ka shiga riƙe da ma'aunin Kaduna, waƙa biyu za ka ji ka fito kana cewa ba su iya ba. Iyaka ce kawai tsakaninmu, Hausa kuma duk muna ji, amma makarantar da kowa ya yi daban ce, abin da kowa yake nema da waƙar ma daban ne.

Namu ta ƙofar Turanci ya shigo. Samarin Kano da Kaduna da Jos na shekarun 1990 da kaset ɗin Amurka suka tashi, su Tupac da Nas da Notorious B.I.G., daga baya kuma ido ya koma Legas, inda kuɗin yake. Jos ta nuna cewa ɗan Arewa zai iya cin kasuwar ƙasa baki ɗaya: M.I Abaga ya fitar da kundinsa na farko a 2008 a ƙarƙashin kamfanin waƙa na Chocolate City, ƙanensa Jesse Jagz yana gefe yana haɗa kiɗa, Ice Prince kuma ya ci kyautar BET ta Amurka a 2013. Amma waɗannan da Turanci suka yi suna, Hausa sai dai su ɗan yayyafa. Waɗanda kake ji yanzu su ne suka juya lissafin, Hausa ta zama tuwon, Turanci ya koma miya.

Na Nijar kuwa ta Faransa da Senegal ya biyo. Matasan Yamai MC Solaar suke ji, da IAM, da Positive Black Soul ta birnin Dakar. Lokacin ma ya dace: bayan babban taron ƙasa na 1991 aka koma siyasar jam'iyyu da yawa, aka fara buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani da Tenere, yaro ya samu inda zai kai kaset a saka masa. Rap ɗin Dakar tun asali yana ɗaukar kansa bakin talaka ne, aikinsa ya faɗa wa masu mulki abin da jarida ke jin nauyin faɗa. Wannan ɗabi'ar 'yan Nijar suka gada. Da ƙungiyar Lakal Kaney ta fitar da kundinta a 2000, wanda ake lissafawa cikin na farko-farko a ƙasar, an riga an san rap a can da faɗakarwa.

Abu na farko da kunnenka zai lura da shi shi ne yawan muryoyi. A nan mutum ɗaya ne gwani, sunansa ne a kan waƙa, in ya gayyato wani to baƙo ne. Ko ƙungiyar YNS ta su DJ AB da Feezy, kowa da sunansa ake nemansa. A Nijar kuwa ƙungiya ce ginshiƙi: Lakal Kaney, Kaidan Gaskia, Wass Wong, Black Daps, daga baya MDM Crew. Wass Wong ma ƙungiyoyi biyu ne suka haɗe, Wassika da Wongari, kowace ta ba da rabin sunanta. Ina ganin wannan ba ya rasa nasaba da fada, wato majalisar samari ta bakin titi inda ake dafa shayi ana raba dare ana hira. Kowace fada da sunanta, wani lokaci har a rubuce a bango, kuma da yawa daga cikin masu rap daga irin wannan zama suka fito. Sakamakonsa a waƙa shi ne, wannan ya shigo da Zabarmanci, na biyu ya karɓa da Hausa, na uku ya rufe da Faransanci, amshi kuma kowa ya sa baki. In ka saba da mutum ɗaya yana zuba baiti goma sha shida ba numfashi, da farko za ka ji kamar hayaniya. Ka ba ta minti biyu. Daɗin yana wajen miƙa magana daga baki zuwa baki.

Sai abin da ake faɗa, kuma nan ne bambancin ya fi zurfi. Hip-hop ɗin Arewa na yau jikan kirari ne. Mutum ya wasa kansa, ya wasa garinsu, ya yi wa abokin hamayya gugar zana ba tare da ya kama suna ba, ya ɗauko karin magana ya murɗa ta ta ba da wata ma'ana. Ba banza gidajen rediyo ke ce musu mawaƙan gambara ba, don zambo da habaici da ban dariyar 'yan gambara duk suna nan, kiɗan ne kawai ya canza. A wannan fagen 'yan Najeriya sun yi nisa. DJ AB yana da sauƙin baki da barkwanci, ga shi da kansa yake haɗa kiɗa, shi ya sa yara ke kama waƙarsa tun ji na farko. ClassiQ ya iya zama a kan kiɗa kamar an auna shi. B.O.C Madaki kuwa, a wurina, shi ne wanda za ka mayar da baitinsa baya sau uku kafin ka gama tsintar abin da ya zubar, yana tsallakawa daga Hausa zuwa Turanci ba ka ji inda ya ɗinke ba.

A Nijar, musamman zubin farko, ba a cika ɓata baiti wajen yabon kai ba. Za ka ji auren wuri, karatun 'ya mace, ƙanjamau, zaman kashe wando bayan an gama makaranta, cin hanci, yajin aikin malamai, tafiya ci-rani. Akwai waƙoƙin da in ka gama ji sai ka ga kamar ka zauna a unguwar da aka rubuta su. Amma kada in yi maka talla kawai. Kasuwar waƙa a can ƙarama ce, ƙungiyoyin agaji kuma sun daɗe suna cikin masu biyan kuɗin situdiyo da na wasa. A 2004 ma UNICEF ta tsaya wa wata gasar rap da aka yi a cibiyar al'adu ta Jean Rouch a Yamai. Wannan ya raya harkar, ya kuma jawo mata wata cuta: wasu waƙoƙin da ka ji su ka san an ba mawaƙin takarda ne an ce ga saƙon, sai su fito kamar sanarwar rigakafi a rediyo. Wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓen rawa. Irin waɗannan ka tsallake su, kada ka yanke wa ƙasar hukunci da su.

Kada kuma ka ɗauka faɗakarwa ta Nijar ce kaɗai. Kano ta yi nata zamanin. Ziriums, wato Nazir Ahmad Hausawa, da Billy-O sun yi rap mai cizo a daidai lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta jihar ta matsa wa masu fim da mawaƙa, daga 2007 zuwa gaba. A 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da ta Ziriums da ta Billy-O. In ka ji aikinsu na wancan lokaci za ka ga ya fi kama da na Yamai fiye da na Kaduna na yanzu. Matsin bai tsaya nan ba: a 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda fitowar da ta yi a bidiyon ClassiQ. Ra'ayina ne, ba ƙididdiga ba, amma ina ganin irin wannan yanayi yana cikin dalilan da suka sa ƙarfin hip-hop ɗin Hausa ya fi taruwa a Kaduna da Jos da Bauchi da Abuja, alhali Kano ce ta fi kowa masu sauraro. Tashar Arewa24, da ta fara aiki a 2014, ta taimaka wajen dawo da shi cikin gidaje, musamman shirye-shiryen Nomiis Gee irin su Zafafa Goma.

Wajen kiɗa da tsabtar sauti, ba sai an ja magana ba, Najeriya ce gaba. Situdiyo sun fi yawa, masu haɗa kiɗa suna gogayya da na Legas, duk salon da ya fito yau gobe ya iso Kaduna. Tsofaffin waƙoƙin Nijar sautinsu siriri ne, in ka saka a mota ba za su girgiza gilashi ba. Abin da suke da shi wanda mu muka yi sakaci da shi shi ne kayan gida: za ka ji gurmi ko kalangu ko ƙwarya a ƙarƙashin baiti, wani lokaci jita irin ta Agadas, wani lokaci kuma rawar Abijan ta leƙo. 'Yan baya-bayan nan sun rage tazarar sosai, har wasu in ba lafazi ba ba za ka gane daga wane ɓangaren iyaka suke ba, kuma ban tabbata ci gaba ne zalla ba.

Akwai wurin da Nijar ta sha gabanmu, wato mata. Zara Moussa, wadda aka fi sani da ZM, ta yi suna da rap a kan haƙƙin mata tun farkon shekarun 2000. Safiath ta fito daga ƙungiyar Kaidan Gaskia, tana rap tana kuma rerawa, da Hausa da Zabarmanci da Buzanci da Faransanci. A Arewa muryoyin mata sun cika nanaye, amma fagen rap har yanzu kusan na maza ne.

Game da harshe, ka shirya kunnenka. Yamai ƙasar Zabarmawa ce, don haka ƙungiyoyin babban birni ba Hausa zalla suke yi ba, ko da yake fiye da rabin mutanen ƙasar Hausawa ne. Hausar ma in ta zo, ta Maraɗi da Tawa ta fi kusa da ta Katsina da Sakkwato, ta Damagaram kuma ta fi kusa da ta Daura da Kano. Inda mu muke cusa Turanci su Faransanci suke cusawa: lakwal ita ce makaranta, mushe shi ne malami, jikka kuma sefa 1,000. Mako guda ya isa ka saba. Wani abin sha'awa da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai shi ne, da yawa daga cikin gwanayen ba Hausawa ba ne a asali. Morell ɗan Borno ne, ClassiQ da B.O.C daga Bauchi suka fito, a can ma Bazabarme ko Buzu zai zuba maka baiti da Hausa don ita ce ke kai saƙo kasuwa. Haka ma a Gana, ƙungiyar VIP da ta tashi a unguwar Nima ta birnin Akara tana saka Hausar zango a waƙoƙinta, in wata rana ka so ƙara nisa.

Me ya sa ba ka taɓa jin su ba, alhali su sun san namu? Domin ruwan gangara ɗaya yake yi. Finafinan Kano da waƙoƙin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker sun cika Maraɗi da Damagaram, mawaƙanmu suna zuwa can su cika fili. Ɗan rap na Nijar yana kokawa da nanaye ta Kano a cikin garinsu, kamar yadda na Kaduna ke kokawa da ita, sai dai shi ba shi da mutum miliyan 200 a bayansa. Manhajojin waƙa kuma abin da ka saba ji suke ƙara turo maka. In ka zauna jiran Audiomack ko Boomplay su kawo maka Yamai da kansu, za ka daɗe.

In ni ne kai, da Barakina zan fara. Hausa yake yi, salonsa na zamani ne, shi ya fi kusa da abin da kunnenka ya saba. Daga shi sai MDM Crew, don ka ji yadda ƙungiya ke aiki da kiɗan yanzu. Sai ka koma baya wajen Kaidan Gaskia da Wass Wong, ka bar Lakal Kaney zuwa lokacin da ka daina damuwa da ƙarfin sauti. Safiath kuwa ko yau ka saka ta, ba ta buƙatar shiri. Kuma kafin ka ce ka gama da gida, in ba ka zauna da B.O.C Madaki da Kheengz da tsofaffin waƙoƙin Ziriums ba, to da sauranka.

Hukuncina: in gwanintar sarrafa baiti kake so, ko abin da za ka saka a mota ko wurin casu, zauna a Najeriya. In kana son waƙar da za ta ba ka labarin yadda sa'anka yake rayuwa a wani gari, tsofaffin ƙungiyoyin Nijar sun fi yawancin abin da ake fitarwa a nan yanzu nauyi.

Wajen nema, ka yi rubutu irin nasu. A YouTube rubuta rap nigérien da Faransanci, in ba haka ba Legas za a kai ka. Sunaye ma da ƙa'idar Faransanci suke rubuta su, Gaskia maimakon Gaskiya, haoussa maimakon Hausa, Zinder maimakon Damagaram. Duk waƙar da ta burge ka, duba wa aka gayyato a ciki ka bi shi, daga nan wani zai kai ka ga wani. Da yawa daga cikin na farkon shekarun 2000 ba su hau manhajoji ba sam, a kaset da faifan CD suka fito. In kana da wani a Maraɗi ko Ƙonni, ko direban da ke bin hanyar Jibiya, ba shi memori ya kai wa masu tura waƙa a kasuwa, ya ce musu tsohon rap na gida yake so.