Jitar lantarki mai gajeren wuya: wacce ta dace da hannun da ba ya buɗewa sosai?

Mai amosanin gaɓɓai, ko wanda ya taɓa karyewa a wuyan hannu, ko wanda yatsunsa suka sage bayan jinya, yakan ji shawara guda: nemi ƙaramar jita. Shawarar tana da gaskiya, amma rabinta. Abin da ake aunawa shi ne tsawon tsirkiya daga matashin da ke can saman wuya zuwa jakin da take hawa a jikin jitar. Jitocin Stratocaster da Telecaster na kamfanin Fender inci 25.5 ne, wato milimita 648. Les Paul da SG na kamfanin Gibson 24.75. Mustang da Jaguar da Duo-Sonic na yanzu 24. Sai ƙanana: Squier Mini 22.75, Ibanez miKro 22.2.

Raguwar tsawon tana jawo abu biyu. Ƙarafan da aka gitta a wuya, waɗanda makaɗa ke kira firet, suna matsowa kusa da juna. Daga firet na 1 zuwa na 5 milimita 126 ne a kan inci 25.5, 119 a kan inci 24, kusan 112 a kan 22.75. Milimita bakwai a takarda ba komai ba ne, amma ga ɗan ƙaramin yatsan da ya ƙi miƙewa, shi ne tsakanin kaiwa da rashin kaiwa. Na biyun ya fi muhimmanci: tsirkiya tana laushi. Da kauri ɗaya da sauti ɗaya, ɗaurinta a inci 24 ya ragu da kusan kashi 11 cikin 100, a 22.75 da kusan kashi 20. A 24.75 kuwa kashi 6 ne kacal, don haka kada a yi tsammanin Les Paul za ta kawo sauƙin kirki. Ga ta da nauyi, sau da yawa tana haura kilo huɗu. SG ba ta da nauyi, sai dai wuyanta ya miƙe nesa da jikin mai kaɗawa, kan kuma yana rinjaya ƙasa, hannun hagu ya koma aikin tallafe ta. Mai ciwon kafaɗa ko gwiwar hannu ya yi hattara da ita.

Kafin ka ciro kuɗi, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi in akwai jita mai inci 25.5 a kusa. Sassauta kowace tsirkiya da rabin sauti, ka maƙala kafo, wato matsin nan da ake kama wuya da shi, a firet na 1. Tsawon da ya rage inci 24 ne da ɗan ɗoriya. Sassauta cikakken sauti ka kai kafon firet na 2, ka sami kusan 22.7. Yi kwana uku kana kaɗa minti ashirin a kowanne, ka lura da yadda hannun yake washegari da safe, ba lokacin kaɗawar ba.

Ga yawancin manya, inci 24 ita ce zaɓin. Jitar manya ce sosai, ba ta yara ba, kuma tsirkiyoyi da kayan gyaranta irin na kowa ne. Amma a cikin dangin nan akwai bambanci. Jaguar, wadda ta fito a 1962, tana da ƙananan makunnai da ake turawa da kan yatsa, ga jaki mai lilo wanda siraran tsirkiyoyi kan zame daga kansa in an kaɗa da ƙarfi. Wannan wahala ce ga hannun da dama ba shi da lafiya. A nemi Mustang ko Duo-Sonic mai kafaffen jaki, marar sandar lanƙwasa sauti. Squier Sonic Mustang tana cikin masu arahar irin wannan. Duk jita mai jakin Floyd Rose a bar ta: canza tsirkiya ɗaya sai da ƙaramin makulli da yatsu masu ƙarfi.

Ƙananan masu inci 22 da wani abu suna amfanar wanda tafinsa ba ya buɗewa ko kaɗan, ko mai kaɗawa a zaune a keken guragu, saboda gajeren wuya yana hana hannu tafiya nesa. Matsalarsu daga laushin nan take fitowa. Tsirkiyar da ta saki da yawa, in ka danna ta da ƙarfi sai sautin ya ɗan haura, ka yi ta zargin kunnenka. Shi ya sa ake saka musu tsirkiyoyi masu ɗan kauri, lamba 10-46 maimakon 9-42, wanda ke cinye wani ɓangare na sauƙin da ka saya. Daga firet na 12 zuwa sama gidajen sun matse, kuma wuyan Squier Mini siriri ne, kusan milimita 41 a sama. Yatsun da suka kumbura sai su riƙa taɓa tsirkiyar maƙwabta suna kashe ta. Mai kumburi faɗi yake buƙata, milimita 42 ko 43, ba gajarta ba.

Kaurin wuya ma haka. Ana ɗauka siriri ya fi sauƙi, alhali wanda ke ciwo a gindin babban yatsa yakan fi jin daɗin wuya mai ɗan cika tafi, domin ba sai ya matse hannu kamar mai riƙe allura ba. Wannan sai an riƙa an ji.

Kowacce ka saya, ware kuɗin mai gyara, domin saiti yana iya fin tsawon wuya tasiri. A masu araha matashin sama kan zo da tsayi, shi ke sa firet na 1 da na 2 taurin tsiya. A zurfafa ramukansa, a goga musu bakin fensir don tsirkiya ta daina maƙalewa. A firet na 12, tazarar tsirkiya da ƙarfe ta zama kusan milimita 1.6 a siririyar, 2 a mai kauri. A inci 24 fara da 9-42. In ba ka bugu da ƙarfi, 8-38 ma za ta yi. Tony Iommi, makaɗin jita na ƙungiyar mawaƙa ta Black Sabbath, wanda inji ya datse wa kan yatsu biyu a wata masana'anta a Birmingham yana ɗan shekara 17, da siraran tsirkiyoyi da sassauta ɗauri ya ci gaba da kaɗa jita.

In ta gwanjo ce, bi gefen wuyan da yatsa tun daga sama har ƙasa. Iskar hunturu tana busar da katako ya tsuke, bakin ƙarafan ya fito waje yana yanka kamar reza. Mai gyara zai goge shi da fayil, amma wanda yatsunsa ba sa jin taɓi sosai zai iya yankewa bai sani ba. Murɗa kunnuwa shidan da ake ɗaure tsirkiya da su ɗaya bayan ɗaya; wanda ya yi tauri ko yake juyawa a banza sai an canza. Ka haɗa da ɗan marikin nan na roba da ake naɗe tsirkiya da shi, da maratayi mai faɗin inci uku, ka ɗaure jitar sama-sama yadda wuyanta zai kalli kafaɗa, wuyan hannunka ya tsaya a miƙe ba a lanƙwashe ba.