Digirin digirgir a fannin hasken lesa: ina ya kamata ka nufa?

Duk wanda ya tambaye ni inda zai yi digirin digirgir a kimiyyar lesa, amsata Jamus ce, kuma a Jamus ɗin ma garin Jena. A nan Carl Zeiss ya buɗe shagonsa na ƙera na'urorin gani a 1846, daga baya Ernst Abbe da Otto Schott suka haɗa hannu da shi, har garin ya zama cibiyar aikin gilashi da haske. Yau a ɗan garin nan akwai Jami'ar Friedrich Schiller, da cibiyoyin binciken haske na Fraunhofer IOF da Leibniz IPHT, ga kamfanoni a kusa. In na'urarka ta ƙi aiki, mai gyaranta yana cikin gari. Mafi yawan masu digirin digirgir a fannin kimiyya a Jamus ɗaukarsu aiki ake yi, da kwantiragi da albashi da inshorar lafiya, abin da za ka biya jami'a kuwa ɗan kuɗin zango ne kawai. Turanci ya ishe ka a ɗakin gwaji, sai dai kasuwa da ofisoshin gwamnati za su nemi ɗan Jamusanci.

Ingila na da Jami'ar Southampton, gidan lesar zaren gilashi, amma guraben tallafi na baƙi kaɗan ne, ga takardar ATAS ta izinin gwamnati kan karatun wasu fannonin kimiyya, ga kuɗin lafiya na biza da ake biya gaba ɗaya tun kafin ka tashi. Amurka na da Jami'ar Rochester, inda Donna Strickland da Gérard Mourou suka yi aikin lesa na 1985 da ya ba su kyautar Nobel a 2018, amma ka shirya wa shekara biyar zuwa shida. Afirka ta Kudu ta fi kusa, kuma cibiyar lesa ta hukumar binciken kimiyya ta CSIR a Pretoria da Jami'ar Wits ba na wasa ba ne.

Ni dai abin da nake fara dubawa shi ne lafiyar na'ura. Na taɓa shafe kusan shekara a wani ɗakin gwaji muna jiran kayan gyara, mu huɗu a kan lesa guda, malaminmu kullum yana tafiya. Har yau abin yana yi mini ciwo. Saboda haka kafin ka amsa tayi, nemi ɗalibin da ke can yanzu, ka tambaye shi ku nawa ne a kan na'ura, yaushe ta lalace, kwana nawa aka yi kafin a gyara, kuma shekara nawa kuɗin aikin zai kai.

Sai kuma macuta, waɗanda suka fi komai tayar mini da hankali. Farfesan gaskiya ba ya rubuto maka ta Gmail yana neman kuɗin rajista. DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, ba ta da dillali, ta shafinta ake nema. Akwai masu buga takardar shiga ta jabu da tambarin jami'a, su ce ka tura kuɗi a riƙe maka gurbi, wasu har hira suke shiryawa ta WhatsApp. Akwai kuma mujallun bogi da ke buga takarda cikin mako guda in ka biya, kuma ganin irinsu a takardunka kan sa malamin kirki ya ajiye buƙatarka gefe. Ɗauki sunan malamin, ka nemo shi a shafin jami'ar da kanka, ka rubuta masa ta adireshin da ke wurin, ka tambaye shi ko shi ya aiko maka.