Motar ta yi, mai sayarwa ne bai yi ba

Masu tara ƙananan motocin ƙarfe, ku zo ku ji. Ni motocin jeji nake tarawa, masu keta yashi irin na hanyarmu ta bayan Ringim. Akwai Hilux, da Defender ta Matchbox, da 'yar Jimny ta Tomica, amma duk ba su wuce tsawon yatsa ba. Babba nake nema. Da na ga wani ɗan Kano ya sa hoton Land Cruiser 79 a Facebook, akori-kura ruwan ƙasa, ya rubuta 1:18, wato tsawonta kashi ɗaya cikin 18 na ainihin motar, nan take na tura kuɗi.

Direban da ke zuwa Gujungu ne ya kawo mini saƙon. Tun daga ganin kwalin na sha jinin jikina. Ainihin motar nan tsawonta mita biyar ne da ɗan ɗori, in ka raba gida 18 sai ka samu wajen santimita 29. Na ɗauko rular yara na auna, ko 22 ba ta cika ba. Na kifa ta, ga 1:24 nan raɗau a cikinta. Na kira mai sayarwar, wai: "Haba Alhaji, ai duk ɗaya ne, yaro ba zai gane ba." Wane yaro? Na ce masa: "Malam, mai furfura ne zai ajiye ta, kuma kuɗin babba ka karɓa." Ya ce a yi haƙuri, haka aka turo musu, zai maido cikon in kaya sun fita.

To amma motar kanta, gaskiya ta burge ni. Bodin zubin ƙarfe ne, da nauyi, da sanyi a hannu. Ƙofofi suna buɗewa su rufu ƙyam, ba sa lilo. Tayoyin roba ce mai laushi, da zanen ƙasa mai zurfi. Abin da ya fi kashe ni shi ne ƙasanta: sifirin na baya falle-falle, na gaba mai murɗe, daidai yadda yake a ta gaske. Ga bututun shaƙar iska a gefen gilashi. Tun 1984 Toyota ke ƙera jerin Land Cruiser 70 ɗin nan da 79 take ciki, siffar ba ta canza sosai ba, kuma wanda ya zuba wannan ya kamo murabba'in jikin nan nata. Wani tsohon direba da muke zaman majalisa ya juya ta ya juya, ya ce saura inji kawai. Har na fara cewa na yafe.

Sai na leƙa ciki. Sitiyari a dama! Samfurin Ostareliya ke nan, alhali ta hoton nasa a hagu take, irin tamu. Mu da muka bar wannan tsarin tun 1972. Ke nan ba ma motar da ya nuna ba ce ya aiko. Madubin gefe guda kuma a ƙasan kwali na tsince shi, don ko takarda bai cusa ba, sai da na liƙa da gam, tabon yana nan.

Cikon kuɗi har yau shiru, saƙo yana karantawa ba amsa. Wanda zai saya a wurinsa, ya sa a kifa masa motar a ɗauki hoton cikinta tukuna. Ga kuma akwatin gilashin da na sa kafinta ya yi mini saboda ƙurar hunturu, da awon 1:18 aka yanka shi, kuɗinsa ma na riga na biya.