Na'urar tatsar nono: wacce ta dace da mai jegon da za ta koma aiki?

Macen da Allah ya ba haihuwa bayan ta haura shekara 35 galibi ta riga ta kafu a wurin aikinta. Hedimistires ce, ko babbar nas, ko mai shago da yara a ƙarƙashinta, ba ta da sararin zaman shekara guda a gida. Dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta ba mai jego, ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun fiye da haka, jihar Kaduna kuwa tun 2019 ta kai hutun wata shida. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma cewa ta yi nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa. Ga mafi yawan mata, tatsa ce kaɗai ke cike wannan giɓi.

Kafin ki shiga kasuwar Sabon Gari ko shagunan Instagram, ki duba abu biyu: akwai wuta a wurin aikinki, kuma akwai ɗakin da za ki kulle minti ashirin ba wanda zai ƙwanƙwasa? Amsar nan ta fi sunan kamfani muhimmanci.

Tatsa da yatsu kyauta ce, kuma ko me kika saya ki koye ta a wurin ungozomar asibiti, don ranar da na'ura ta ƙi. Sai dai tana cin lokaci.

Na'urar matsawa da hannu, irin ta Philips Avent ko Medela Harmony, ita ce mai sauƙin kuɗi. Ba ruwanta da NEPA, ba ta ƙara, tana shiga jaka. Aibinta wuyan hannu. Ɗaukar jariri kaɗai yana sa wa wasu masu jego ciwo a gindin babban yatsa, to ki ɗora masa matsawa sau uku kullum. In aikinki na rabin yini ne, kina tashi da azahar, ta wadatar. Ita kuwa ƙaramar robar nan mai laushi irin ta Haakaa, aikinta tare nonon da ke zuba a ɗaya gefen lokacin da yaro ke sha. Kada mai shago ya sayar miki da ita a matsayin abin zuwa ofis.

Mai wuni a wurin aiki daga ƙarfe takwas zuwa huɗu, ta lantarki mai kai biyu ce tata, domin tana tatse gefe biyu lokaci guda. A nan ne ake tafka asara. Spectra S1 da S2 kusan injinsu ɗaya, amma S1 tana da batirin caji, S2 sai an jona ta da soket. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, bambancin kuɗin nan ki biya shi kawai. Akwai kuma sababbin da ake sawa cikin rigar mama a ci gaba da aiki. Sun yi wa malamar aji da ma'aikaciyar banki daɗi, amma mata da yawa na kukan ba sa tatsewa sosai, kuma nonon da ba a tatse shi ƙarƙaf yakan fara raguwa.

Abin da masu shago ba sa faɗa shi ne girman mazurarin da ke zama a kan nono. Yawancin kwalaye da mai milimita 24 suke zuwa, ba kowa yake yi wa daidai ba. In kina jin zafi ko fata na goguwa, mazurarin ne, ba sai kin canja inji ba. Ki tambaya ko ana samun wasu girman da ƴan robobin ciki a nan gida, don su ne ke fara lalacewa. Ta gwanjo kuwa, Hajiya, ki haƙura, sai dai irin wadda nono ba ya iya shiga bututunta, ita ma ki sake duk abin da ke taɓa nono.

Ki ware kuɗin sayen kula, wato akwatin riƙe sanyi, da ƙanƙara tun farko. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki mai sanyin digiri 25, kwana 4 a firij, awa 24 a kula mai ƙanƙara. Zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato yana haura 40, don haka awa huɗun nan ba da mu ake ba. A gida kuma ki nuna wa Inna ko ƴar rainon yadda za ta tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi, kar ta ɗora a wuta, ta ba yaron da ƙaramin kofi mai tsabta. Ki fara gwajin mako biyu kafin ranar komawa, ki ga yawan abin da kike samu a zama ɗaya, shi ma yaron ya saba karɓa daga wani hannun.